Ruwan Madara, Ba Ruwan Toka Ba

Zuwa ga ɗiyata, takwarar mahaifiyata, wadda bakina bai iya kama sunanta sai dai in ce Uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ko da yake katanga ɗaya ce tsakanin inda nake wannan rubutu da inda kike ninke kayanki. Allah Ya tsare ki a sauran kwanakin da suka rage miki a gidan nan, Ya tsare ki a hanyar Sakkwato, Ya tsare ki a gidan da za a kai ki. Ba zan ba ki labarin gari ba, tare muke cikinsa. Ki dai sami wuri ki zauna, kin san ban iya gajeren zance ba.

Da daɗewa, wata ranar kasuwa, ina zaune kan buhun albasa ina jiran a yi mini lodi, na ji wani direba yana ba mutane labari. Wai a nan cikin Illela akwai wani mutum da ke shafa wa ɗakinsa farin fenti, in ya bushe ya tsaya ya dube shi, ya girgiza kai, ya koma ya sayo wani farin ya shafe na farkon. Wai haka yake yi shekara da shekaru, fari kan fari, har ɗakin ya fara tsukewa don kaurin fenti, gado ya daina shiga. Na yi dariya har da hawaye. Na ce wa direban ƙarya yake yi, na san garin nan lungu-lungu, da akwai irin wannan mahaukaci da na san ƙofar gidansa. Ya rantse. Na ce ya ɗauki rantsuwarsa ya tsallaka iyaka da ita zuwa Ƙonni, ko a can za a ba shi sefa, kuɗin ƙasar, a kanta.

Bayan nan na sake jin labarin a teburin mai shayi, na ji shi wurin wanzami, kowa da nasa ƙarin gishiri. Wani ya ce aljana ce ke zaune a ɗakin, ita ke ƙin launin. Wani ya ce mutumin dillalin albasa ne. Nan dariyata ta fara raguwa. Ranar da wani ya ce gidan yana bayan masallacin unguwarmu, akwai dalbejiya a ƙofarsa, sai na miƙe na karkaɗe rigata na taho gida, na tsaya tsakiyar falon innarku na ƙare masa kallo. Bai tsuke ba. Gado kuma yana nan a uwar ɗaka, bai yi ƙorafin komai ba. Amma sauran zancen, Uwata, ubanki ne.

Kada ki zaci na ɗauko alƙalami ne don in ba Illela haƙuri. Ban ba ta ba tun ina da ƙarfi, ba zan ba ta ba yanzu da furfura. Mutanen da ke cewa fari na shafa kan fari, idanunsu ne ke barci, ba kaina ne ya taɓu ba. Abin da ya sa na rubuto miki wani ne.

Ran nan ina alwala a tsakar gida na ji kina waya. Ban kasa kunne ba, kunnen ne ya ƙi toshewa. Na san zancen tun farkonsa. Nasiru, wanda za ki aura, ya aiko miki da katin masu fenti ya ce ki zaɓi launin ɗakinki kafin a yi jere. Kin zaɓi ruwan madara. Sai babbar yayarsa, Hajiya, ta ce a'a, ruwan toka mai haske za a sa, don shi ne a gidan mahaifinsu, shi ne a gidanta, shi ne a gidajen 'yan'uwansu duka, gidan ma'aikata ba a san su da wani launi ba. Launukan biyu maƙwabtan juna ne a kan katin, wanda ya duba a gurguje zai ce da su duka fari. Da ita kike wayar nan, na ji kin ce, "To, Hajiya, duk ɗaya na."

Na ajiye buta. Ba maganar ce ta tsayar da ni ba, muryar ce. Na taɓa jin wannan murya da waɗannan kalmomi a gidan nan, tun ba a haife ki ba, kuma na san abin da ya biyo bayansu. Mai fenti bai buɗe gwangwani ba tukuna, shi ya sa nake sauri, irin saurin tsoho.

Bari in fara miki daga wurin mai sunanki. A Lafani inda na tashi, babu wanda ya san fenti. Farar ƙasa ake shafawa, kuma aikin mata ne. In Salla ta gabato za ki ga kowace mace da ƙwaryarta da tsummanta, tana jiƙawa tana shafe ɗakinta. Ba a taɓa jin namiji ya sa baki ba. Mahaifiyata tana da ramin da take ɗebo tata, nesa da wanda sauran mata ke zuwa. In an ce mata wahalar me take sha, farar ƙasa ai farar ƙasa ce, sai ta ce tasu tana da sanyi a ido, tata tana da ɗumi. A cikin wannan ɗaki take tara mu bayan cin tuwo ta yi mana tatsuniya, fitilar aci-balbal tana kaɗa inuwarta a bango, bangon nan kamar shi ma yana saurare. To da gwangwani ya zo, ya zama abin saye a kasuwa, sai zaɓi ya fita daga hannun mai ɗaki ya koma hannun mai zuwa kasuwa. Babu wanda ya zauna ya yanke haka. Haka kawai aka wayi gari maza na zaɓar wa mata launin ɗakin da su mazan ba sa wuni ciki. Ni ma na bi sahu ban sani ba.

Shekarar da albasa ta yi mini kirki na rushe ɗakin ƙasa na gina wa innarku ciki da falo na siminti. Na ce zan ba ta mamaki. Na tsallaka Ƙonni, na shiga wani shago mai duhu, mai shagon ya jera mini gwangwanaye, kowane da ɗigon launinsa a kan murfi. Ya karanto mini sunan wani da Faransanci, sunan ya yi mini daɗi a kunne, na ce shi nake so. Kin ji yadda aka yi zaɓin farko: da kunne, a inuwa, a kan murfi.

Da aka shafa ya bushe, na kira innarku. Ta tsaya bakin ƙofa ta duba dama ta duba hagu. Na ce ko da ta fi son mai ɗan haske? Ta ce, "A'a, Malam, duk ɗaya na. Allah Ya saka da alheri." Na ji daɗi na tafi harkata.

Ban lura da wuri ba. Tabarmarta ta koma gindin rumfa. A can take tsintar wake, a can take karɓar baƙinta, a can take kitso. Falon nan sabo fil sai ta shiga ta share ta fito ta ja ƙofa, kamar ɗakin wani da aka ba ta ajiya. Na ce zafi ne. Damina ta faɗi, iska ta yi sanyi, tana nan waje. Na ce sabo ne, ba ta saba ba.

Sambo ne ya buɗe mini ido, abokin nan nawa Bafulatani na wajen Tozai, wanda ke kawo mana man shanu. Na shigar da shi falon don in yi masa kuri. Innarku ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaishe shi, bangon yana bayanta. Da ta fita ya rage murya ya tambaye ni tun yaushe take jinya. Na ce lafiyarta lau. Ya ce in bar ɓoye masa, fuskarta ta yi furu-furu. Muka fito, ga ta a rumfa tana dariya da maƙwabciya, fuska shar kamar an shafa mata mai. Sambo ya dube ta, ya leƙa falon, ya dube ni, ya ce, "Kaɗo, ba matarka ke ciwo ba, ɗakinka ne." Ya ce mu mutanen gari haka muke, in mun ga garkensa sai mu ce fararen shanu, alhali shi babu biyu da ya gani launinsu ɗaya.

Ga abin da na koya, kuma ki riƙe shi. Ba don bango ake yi wa bango fenti ba, don fuskokin da za su zauna a gabansa ake yi. Farin da ya karkata wajen toka yana tsotse jinin fuskar baƙin mutum irinmu, ya bar ta kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Wanda ya karkata wajen madara yana mayar mata da ɗuminta. Don haka kada ki auna launi a kan kati, ko murfi, ko hoton waya. Ki tsayar da mutum a gabansa ki dubi mutumin. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. In mace ta ce duk ɗaya ne a kan ɗakinta, ba yarda ta yi ba, ta fita daga ɗakin ne tun ƙafarta ba ta fita ba. Innarku ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Ta dai bar mini ɗakina. Na gina ɗaki don in kusanto da ita, na kore ta tsakar gida da gwangwani ɗaya.

Za ki ce daga nan na je na tambaye ta. Ina! Da na yi haka da direbobi ba su sami abin faɗa ba. Kowa na tambaya ban da ita, don ina son in gyara da kaina in sake ba ta mamaki. Na tambayi liman, na tambayi mai shayi, na tambayi abokan dillanci. Wannan ya ce a ƙara fari, wancan ya ce a ɗiga bula, wani ya ce a gidan wani Alhaji ya ga mai ruwan ƙasa-ƙasa. Mai fenti kuwa duk abin da aka faɗa sai ya zuba a bokiti ya juya, ya ƙara ruwa don ya kai. Muka tsaya a kansa yana shafawa, jiƙaƙƙe yana ƙyalli, kowa na cewa madalla. Da ya bushe ya fito kamar kunun da ya kwana. Masu shawara kowa ya koma gidansa ya zauna a ɗakinsa. Ni aka bari da kunu a bango, da mata a rumfa.

Ki ji nan. Launin ɗaki ba a kai shi majalisa. Wanda ba zai buɗe ido a ɗakin da safe ba, ra'ayinsa baƙo ne: a ba shi ruwa, a gode masa, a raka shi ƙofa. Kuma kada ki yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen fenti. Jiƙaƙƙe kowane kyakkyawa ne. Ki bari ya bushe ya nuna halinsa.

Wani karon kuma na yi dabara, a ganina. Na sa aka shafa ɗan kaɗan a bango, na jira ya bushe, na duba da hantsi, ya yi kyau ƙwarai. Na ce a shafe duka. Da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da falon ya zama ruwan hoda, kamar ɗakin 'yar tsana. Ashe rana in ta karkata tana dukan jar katangar gidan nan, katangar ta watso jan ta ƙofa, farin ya sha. Daga baya da muka sa sola, farin ƙwan fitilar nan ya sake mayar da shi shuɗi-shuɗi bayan magariba. Bango ɗaya, fuska uku a yini guda. Waɗanda ke cewa fari fari ne su zo su gaya wa katangata.

Don haka in kin tashi gwadawa, a can gidan za a gwada, ba a nan ba. Hasken Sakkwato na cikin unguwa, inda benen maƙwabci ke tare rana, ba irin na tsakar gidanmu ba ne. A shafa kowane launi faɗin sallaya, wani a bangon da ke kallon taga, wani a bangon da ke inuwa. A duba da hantsi, a duba da la'asar, a duba in an kunna wuta. A rataya labulen da za a sa kusa da shi. Wannan ba tsirfa ba ce. In za ki sayi atamfa kina fitar da ita rana ki duba, ita da za ki cire in dare ya yi. Bango kuwa ba a cire shi.

Yanzu bari in gaya miki yadda abin ya ƙare, don direbobi ba su san wannan ɓangare ba. Wata safiya na gaji. Na kwaso ragowar gwangwanayen nan duka na dire su gindin rumfa gaban innarku. Na ce mata ni na kasa, ɗakinta ne, ta yi abin da ta ga dama, ni na tafi Araba duba albasa. Ta ce mi za ta yi da su? Na ce ko miya ta yi. Na fita ina fushi da kaina.

Da na dawo ban same ta a rumfa ba. Tabarmar ma ba ta nan. Na leƙa falon. Ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta haɗa nata da hannunta, ta shafa da tsumma yadda aka koya mata a gidansu, wuri kaɗan kusa da taga. Ta shimfiɗa tabarmarta a gindin wurin tana tsintar wake, a cikin ɗakin, ita da ta shekara ba ta zauna ciki ba. Ba ta ɗago kai ba ta nuna bangon da haɓa ta ce, "Wanga na."

Ruwan madara ne, Uwata. Irin madarar da aka tatso ta ɗan huce, ba ta kai ga yin kindirmo ba. Abin da na yi ta nema da kunne da majalisa da dabara, ita ta san shi tun ranar da ta tsaya bakin ƙofa. Ba a tambaye ta da gaske ba ne, ita kuma ba ta ga fuskar faɗi ba. Tun daga ranar, in bangon ya dushe ni ke sayo gwangwani, ita ke haɗawa, in bai fito yadda take so ba a sake. Masu leƙe ta ƙofa suna ganin fari kan fari. Su yi ta gani. A ɗakin nan innarku ta yi jegonki, a gindin bangon nan kika koyi zama. Ba mamaki da aka miƙa miki kati yatsanki ya tafi inda ya tafi.

Gwaggonki Kulu ta zo jiya, na san kin ji muryarta, duk unguwa ta ji. Ta sami labarin ina shirin sa baki. Ta ce amarya ba ta shiga gidan mutane da gardama, dangin miji manyan mutane ne 'yan birni, za a ce mun aika musu da fitinanniya tun ba a ɗaura ba. Ta ɗaga katin ta kai shi kusa da hancinta ta ce mi ya raba waɗannan biyun in ba neman magana ba? Sannan ta ce, "Yaya, haukarka za ka ba yarinya gado?"

Na ce, "Ita kaɗai na tara, Kulu. Sauran albasa ta cinye."

Na tuna mata ita ce ta mayar da atamfar ankon bikin nan har sau nawa, wai jan bai kai jan da take nufi ba, har mai shago ya fara ɓuya in ya hango ta. Ta ce wannan daban. Na ce ai kullum na mutum daban ne, na wani ne duk ɗaya. Ta ja mayafinta ta fita tana cewa Allah Ya shirye ni. Na ce amin, Ya haɗa da ita.

Amma kada ki raina maganarta duka, tsoro ne ya sa ta faɗa, kuma tsoron ƙauna ne. Ni ma ban ce ki ɗaga wa kowa murya ba. Hajiya babba ce, a matsayin uwa take ga mijinki, kuma ba mugunta ta sa ta zaɓi toka ba. A cikinsa ta tashi, shi ne gida a idonta, yadda madara take gida a naki. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki gode mata da ɗawainiya. Falon baƙin Nasiru na waje, inda 'yan'uwansa da abokan aikinsa za su zauna, a sa tokarsu, Allah Ya sa albarka. Ɗakinki kuwa, inda za ki wuni, ki yi salla, ki yi jego in Allah Ya kawo, ki faɗi abin da idonki ya gani. Ba sai kin kawo hujja ba. In aka ce don me, ki ce da shi idonki ya fi kwanciya, ki yi shiru. Wannan amsa ce cikakkiya. Kuma da mijinki za ki fara magana, baki da baki, ba ta hannun gwaggo ko ƙawa ba. Zance in ya bi ta hannu da yawa yana isa kamar fentina na majalisa.

In kuma aka gwada a can, hasken gidan ya nuna tokar ce ta fi, to ki zaɓi toka, kanki a ɗage. Ni ba dillalin madara ba ne. Abin da na hana ki guda ɗaya ne: ki ga bambanci da idonki, ki ce babu da bakinki. Yau bango ne, abin da kowa zai ce ƙarami. Amma a kan ƙaramin abu mutanen gida ke koyon ko ana tambayarki. In kin koya musu cewa a wurinki duk ɗaya ne, za su yarda, don mutanen kirki ne, ba za su zaci kina ɓoye komai ba. Gobe a zaɓa miki inda za ki yi aiki, jibi makarantar ɗanki, kowane da kyakkyawar niyya. Wata rana mijinki zai dawo ya tarar da tabarmarki a waje, ya rasa dalili, kamar yadda na rasa. Ni na yi sa'a ina da Sambo. Ban san ko shi yana da nasa ba.

Na san abin da ke ranki. Kina tsoron Nasiru zai ji nauyin yayarsa, ko ya ga kin cika fi'ili, ya fara kallonki da wani ido tun ba a je ko'ina ba. To saurari wutsiyar labarina, na ajiye ta ƙarshe ne da gangan, yadda mai sunanki ta koya mini.

Kin san al'adata, baƙo ba ya shan ruwan gidan nan kyauta, sai ya biya da labari. Kwanakin baya wani baƙo ya zo gaishe mu, ya zauna a falon innarku, a ƙasa, ya jingina da bango, kansa a sunkuye, gumi na bin wuyansa. Na ce ya ba ni labari. Ya ce ba shi da shi. Na ce to ya mayar da ruwan da ya sha. Ya yi ta lalube, can ya ce akwai wani da ya ji a mota a hanyarsa ta zuwa. Wai a garin nan akwai wani mutum mai shafa fari kan fari. A bakinsa ɗakin ya riga ya tsuke har mutumin a tsaye yake barci. Innarku ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ta ce bari ta duba tukunya. Ni ko gezau. Na bar shi ya kai aya, sannan na tambaye shi, shi a ganinsa mahaukaci ne mutumin?

Na zaci zai ce e, kowa haka yake cewa. Sai ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Baba, ni ina ganin ba don kansa yake yi ba. Akwai wanda yake so ya zauna a ɗakin, bai zauna ba tukuna."

Tun ranar kasuwar nan ta farko nake jin labarin nan a bakuna iri-iri, babu wanda ya taɓa kai shi inda wannan baƙo ya kai shi. Ban gaya masa ko wane ne mutumin ba. Har yau bai sani ba, kuma kada ki gaya masa sai bayan biki, ina son in ga fuskarsa da kaina. Mutumin da ya iya faɗin haka a kan wanda bai sani ba, ba zai ƙi jin matarsa a kan gwangwani ɗaya ba. Abin da kawai ba zai iya ba shi ne ya ji maganar da ba a faɗa masa ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Uwata. Ya sa ki shiga da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido, Ya tsare ki daga shirun da ke cin mai shi. Ya sa ɗakinki ya zama wurin da kike son komawa, ba wurin da kike sharewa ki ja ƙofa ba. Ya ba ki zuriya mai albarka da za ta ɓata bangon da hannun miya, a sake shafawa, a sake yi da mu a kasuwa. Innarku na gaishe ki, ta ce in gaya miki tsohuwar ƙwaryarta na cikin kayan jerenki, ƙarƙashin tukwane, kada gwaggonki ta gani ta ce tarkace ce. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki, mahaukacin fentin Illela, wanda bai tuba ba.

Saura abu ɗaya. Ki ɗauki wayarki yau, kafin a buɗe gwangwani, ki kira baƙon nan. Kina da lambarsa. Wanda ya ba ni labarin daga ƙarshe, yana jingine da bangon innarku bai sani ba, Nasiru ne.